Magini Ya Toshe Hujin Motarsa

Karambani shi ne mutum ya iya abu guda, sai ya ɗauka duk sauran sana'o'in duniya ƙannen tasa ne. In taurin kai ya hau bisa, to mai shi ya kama hanyar asara, kuma da ƙafarsa zai je. Tahiru magini ya haɗa biyun, ga kuma yadda ta ƙare masa.

Mutumin Damagaram ne. Ya daɗe a Tamanrasat, a unguwar Gata'al-Wad, har ya samu takardun zama, har samarin da ke zuwa ci-rani daga Nijar suna ce masa Baba Tahiru. Maganar gaskiya, a wajen gini ba a raina shi. In ya yaɓe maka kwamin ruwa, ko ɗigo ba zai fita ba har ka tsufa. Abin da ya tsana a duniya shi ne huji. In ya shiga gidan mutum gaisuwa, bakinsa na gaisuwa idonsa na bango. Da ya ga kafa sai ya tura yatsa ciki, ya girgiza kai, ya ce, "Nan kunama za ta haihu." Ya taɓa toshe kafar da maƙwabcinsa ya bari don wayar lantarki, bai tambayi kowa ba, kuma har yau yana jiran a yi masa godiya.

Wata rana wani dattijo mai garka a Mertutek, can cikin duwatsu, ya shigo gari. Sunansa Abdurrahman, yana jin Hausa gwargwado. Ya ga wani kwami da Tahiru ya yi, ya yi sha'awa, ya ce yana son babba a garkarsa don ban ruwa. Ya sayi siminti buhu ashirin ya bari a kanti, ya ce Tahiru ya kawo da kansa, ya yi aikin da kansa. Tunda Tahiru ya zo ƙasar nan a ƙarƙashin wani yake gini. Wannan ne karo na farko da za a ce aiki nasa ne, kuma in ya yi kyau, duk masu garka na wancan yanki shi za su nema. Saboda haka ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa, ya sayi tsohuwar katkat, irin motar nan mai shiga yashi da duwatsu, mai buɗaɗɗen baya.

Ranar da aka kawo ta ƙofar gida, mutane na ta barka da arziki, shi kuwa sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta. Can aka ji shi yana salati.

Huji ne ko'ina. A ƙasan kowace ƙofa ga ƴan kafofi a jere. A kusurwoyin bayan mota, inda ake ɗora kaya, ga su. A gefe-gefe ga su. Manyan ƙarafan nan biyu da motar ke zaune a kansu kuwa, waɗanda ake ce wa shasi, tun daga gaba har baya huji ne, wani kewayayye, wani dogo, wani har hannu na shiga. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ji yana amsawa kamar gwangwani. Ashe cikinsa ma ba kome!

Ya ja motar sai garejin Abdulmumini.

Shi Abdulmumini Bakano ne, ɗan Indabawa, gyaran jikin mota yake yi a bakin unguwa. Kowa ya san tsakanin Bakano da Badamagare wasa ne tun kakanni, a zagi juna, a shirga wa juna ƙarya, ba mai fushi. Shekarunsu tare, Abdulmumini bai taɓa gaya wa Tahiru magana miƙaƙƙiya ba. Ya taɓa tura shi ƙarshen gari da tsakar rana wai ana sunan ɗan wani mutumin Damagaram, an yanka raƙumi. Tahiru ya je da babbar riga, ya tarar da fili da akuya guda.

"Kai bawana, fito ka ga cutar da ƴan'uwanka masu ƙarfe suka yi mini!"

Abdulmumini ya fito yana goge hannu. "Wa nake gani kamar Badamagare a cikin mota? Ina ka ɗaure jakin?"

"Bar wannan. Duƙa ka gani. Rariya aka sayar mini."

Abdulmumini ya duƙa, ya duba, ya miƙe. "Motarka lafiya lau. Waɗannan tun daga kamfani aka yi su. Dubi bakin hujin, sumul, fenti har ciki. Tsatsa ba ta yin haka."

"Kamfanin ne ɓarayin ke nan."

"Saurara, tsohon banza. Na ƙasan ƙofa, ruwan da ya bi gilashi ya sauka ciki, ta nan yake fita. Na kusurwar baya, ruwan sama. Na gefe, nan kake zura igiya ka ɗaure kaya. Na shasi kuwa, wasu don rage nauyi, wasu wurin ɗaure ƙusa ne, wasu ta nan fenti ya tsiyaye lokacin da aka tsoma ƙarfen. Wannan babban na gaba, in ka kafe, nan ake saƙala ƙugiya a ja ka."

Tahiru ya yi dariya har da dafa mota. "Ruwan sama! A Tamanrasat! Yaushe rabonka da jiƙewa a garin nan?"

"Ba don Tamanrasat kaɗai aka ƙera ta ba. Kuma kai da za ka cikin duwatsu a wannan lokacin, can ana ruwa in ya ga dama."

"To rage nauyi fa? Mu ma muna da masu rage nauyi a sana'armu. Mai buga bulo ya rage siminti, ya ƙara wa ramin faɗi, ya ce maka don kada ya yi nauyi. Ni za a gaya wa?"

"Tahiru, wallahi wannan karon ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar raƙumi."

Abin takaici, Allah ya yi Abdulmumini da fuskar dariya. Ko ta'aziyya ya je sai ya rufe baki da hannu. Yana rantsuwa, gefen bakinsa na motsi. Tahiru ya nuna shi da yatsa, ya ce, "Ka gani! Ga ta nan tana fitowa." Ya shiga motarsa ya tafi yana jin daɗi, yau dai Bakano bai same shi ba.

Da ya isa gida ya tankaɗe yashi mai laushi, ya fito da cokalin gini. Matarsa Rahma tana tsakar gida tana turara dambu, ta leƙo.

"Malam, ginin me za a yi a ƙofar gida?"

"Mota zan gyara."

"Da siminti?"

"Da me kike so, da kuka?"

Ta zo ta tsaya ta ji bayani. Da ya gama sai ta ce, "To ni dai ban san mota ba. Amma madambacina ma duk gindinsa huji ne, kuma wanda ya yi shi bai cuce ni ba. In babu hujin, dambun da kake ci ba zai nuna ba."

Tahiru ya ɗaga kai a hankali. "Huji nawa gare shi?"

Rahma ta juya. Ta koma ciki da sauri, ta juye dambun, ta wanke madambacin, ta sa shi cikin akwatin kayanta ta kulle.

Aikin ya ɗauke shi kwanaki, kuma ba a taɓa yi wa mota aiki da tsoron Allah irin wannan ba. Ya dama siminti ruwa-ruwa kamar kunu, ya yanke gorar roba ya yi mazurari, ya yi ta ɗura wa shasi har sai da ya ƙoshi ya fara dawowa da shi. Sannan ya bi huji ɗaya-ɗaya ya toshe, ya shafe. Ya toshe na ƙasan ƙofofi. Ya toshe na igiya. Babban nan na gaba, shi ya fi ba shi haushi, ya cika shi da tsakuwa da siminti ya goge har yana sheƙi. Da ya zo bayan mota sai hannunsa ya tuna da sana'arsa. Ya yaɓe ƙasan gaba ɗaya kamar yadda yake yaɓe kwami, ya hau da yaɓen jikin bango, ya ga akwai tsaga tsakanin murfin baya da jikin mota, ya liƙe ta ita ma. Murfin ya daina buɗuwa. Ya ce ba kome, ta sama ake ɗora kaya. Safe da yamma yana yayyafa mata ruwa don simintin ya kama da kyau, maƙwabta na tsaye suna kallo, wani ya tambaye shi ko za a sa mata taga.

Da ya gama, motar ta ɗan durƙusa kamar raƙumin da ke shawarar kwanciya. Ya ƙwanƙwasa shasi, ya ji dim. Ya ce, "Yanzu na sayi mota."

Ranar tafiya da sassafe, an gama ɗora buhunan siminti da kayan aiki, sai ga Abdulmumini da ƙunshin dabino da akwatin kayan gyara.

"Ina za ka?"

"Kallo. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin ɗaki yana tafiya ba."

"Shiga, in kai ka ka ga duniya. Amma wannan akwatin ba zai hau motata ba. Na san ku, da kun ga abu lafiyayye sai hannunku ya yi ƙaiƙayi."

Akwati ya zauna a gida. Tahiru ya jawo babban bash ya rufe simintin, ya ɗauko igiya, ya kewaya mota yana neman inda zai zura ta. Ya sake kewayawa. Abdulmumini na cin dabino, yana kallon sama.

"Me ka ɓatar, ranka ya daɗe? Ko wurin ɗaure tamfol kake nema?"

"Bash ake ce masa. Kuma ban ɓatar da kome ba."

Ya samo duwatsu ya danne gefunan, suka kama hanya.

A kan kwalta motar ta yi ta nishi, amma tana tafiya. Manyan motoci na wuce su, masu babur na wuce su. Tahiru ya ce ai tafiyar manya ke nan. Da suka bar kwalta suka shiga hanyar duwatsu, duk hawa sai Abdulmumini ya sauka ya taka da ƙafa, wai don ya rage mata, kuma shi ke riga ta isa sama ya zauna yana jiranta.

Wajen la'asar, sun kusa, sai sama ta canza. Hadari ya haɗo daga bayan duwatsu, baƙi ƙirin. Iska ce ta fara zuwa. Ta shiga ƙarƙashin bash, ta kumbura shi, ta watsar da duwatsun, ta ɗauke shi sama. Suna kallo ya haye wani tsauni ya tafi abinsa.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Abdulmumini, yana ɗaga masa hannu.

Sai ruwa ya kece. Ba yayyafi ba, ruwa irin na duwatsu, wanda ke zuwa da fushin shekara guda. Suka tsaya suka fito. Da a ce motar kowa ce, da buhunan sama sun jiƙe, na ƙasa su tsira, ruwa ya bi kusurwa ya zube. Amma wannan kwamin Tahiru ne. Ruwa ya fara taruwa a ƙasa, yana hawa jikin buhunan takarda.

Dariya ta ɗauke daga fuskar Abdulmumini, abin da ba a taɓa gani ba. "Ba ni gudumarka da babbar ƙusa. In shiga ƙasa in fasa kusurwa ɗaya, ruwan ya samu hanya."

"A fasa yaɓena?"

"Simintin mutane ne a ciki, Tahiru!"

"Yanzu zai ɗauke. Ruwan ƙasar nan ba ya daɗewa."

Ya ɗauko butar shayi da kwanon abinci, ya hau taya ya shiga kwalfa. Yana zubar da kwano ɗaya, sama na zuba masa goma. Rawaninsa ya jiƙe ya warware ya rufe masa ido. Sai da ruwa ya shanye jerin buhunan ƙasa, ya fara yin toka-toka kamar kunun kanwa, sannan ya ce da ƙaramar murya, "To, fasa. Amma kaɗan."

Abdulmumini ya kwanta cikin taɓo, ya saita ƙusa, ya yi ta duka. Ƙusa ta lanƙwashe. Ya karɓi wata, ita ma ta lanƙwashe. Ya fito yana haki, fuska duk laka, ya ce ko ɓarɓashi bai zubo ba.

Kai ka ji halin ɗan Adam. Tahiru na tsaye cikin ruwa, dukiyar mutane na narkewa a gabansa, amma sai da ya yi murmushi. "Ka gani? Aikina ke nan."

Dabara ɗaya ta rage, su isa gari a sauke abin da ya saura a ƙarƙashin rufi. Ga dabinon Mertutek ana hangowa, ƙorama ce kawai tsakani, kuma ba ta kawo ba tukuna, yashi ne jiƙaƙƙe. Suka shiga mota. Duk inda ta karkata sai a ji ƙulum a ƙofar dama, ƙofar hagu ta amsa da ƙulum.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ruwan da ya bi gilashi ne. Yana neman ƙofar gida, ya tarar an toshe."

Suka gangara cikin ƙorama. Motar ta yi ƴan taku, ta isa tsakiya, sai ta yi abin da ta daɗe tana shawara. Ta kwanta. Tahiru ya taka mai, tayoyi suka haƙa rami, cikinta ya zauna a kan yashi daram.

Allah ya kawo wata katkat ta masu kai baƙi yawon duwatsu. Direban, mutumin ƙasar ne mai baƙin rawani, ya tsaya a bakin gaɓa, ya fito da igiyar ja mai ƙugiya, ya rugo. Ya durƙusa gaban motar Tahiru, ya laluba dama, ya laluba hagu. Ya shafa wurin da ya san hujin yake, ya ji sumul. Ya leƙa, ya sake shafawa. Ya ce wani abu da harshensu, sannan ya juyo da Hausa.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani gwani ne daga Damagaram," in ji Abdulmumini.

Ba lokacin haƙa, sai suka ɗaura igiyar a ƙarfen gaba, wanda ke kare fitilu. Direba ya koma ya ja. Ƙarfen ya ce ƙarau, ya rabu da mota, ya bi katkat ɗin yana tsalle a kan yashi. Motar Tahiru ko gezau. Baƙin da ke cikin waccan motar suka fito da wayoyi suna ɗaukar hoto.

Sai aka ji ihu daga ɗaya gaɓar. Abdurrahman mai garka ne, da shi da mutanen gari, suna kaɗa hannu suna nuna sama da ƙorama. Wani ruri ne ke tahowa daga can, kamar jerin manyan motoci.

"Ku fito! Ruwa! Ku bar ta!"

Tahiru ya rungume madubin mota ya ce ba inda za shi. Abdulmumini bai tsaya gardama ba, ya cafke shi ta wuyan riga ya ja shi kamar ɗan akuya, yana cewa, "Ka mutu a gabana, wa zan riƙa zagi?" Suna hawa gaɓa ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da itatuwa da duwatsu. Ya bugi motar, ya hau har gilashi.

Mutanen gari suka ce kowace irin mota ce, da yanzu ta yi nisa. Wannan kuwa ruwan ne ya rabu biyu ya kewaye ta. Tahiru ya buɗe baki zai ce wani abu, Abdulmumini ya ce, "In ka ce aikinka ke nan, wallahi zan mayar da kai ciki."

Bayan kwana biyu ƙorama ta janye, rana ta fito, aka gangara dubawa. Inji ya cika da yashi. Kujeru sun cika da laka. A baya kuwa, ruwa da siminti da yashin ƙorama sun samu wurin da ba ya yoyo, sun zauna sun yi abin da aka halicce su don shi. Dutse guda ne daga bango zuwa bango, ga ƙotar cebur ta leƙo daga ciki, ga hannun butar shayi. Abdulmumini ya ari tsinken ƙarfe, ya sha wahala ya ɓula ƙasan ƙofa ɗaya, ruwa ya tsarto kamar famfo. Awakin gari suka zo suka sha.

Abdurrahman ya kewaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa dutsen da sandarsa, ya saurara. Dattijo ne mai kunya, ba ya ɗaga murya.

"Aiki mai ƙarfi," in ji shi. "Amma Malam Tahiru, ni a garka na ce. Kuma mai rami a ciki, inda ruwa zai zauna."

Ya ba wani magini aikin. Shi kuwa Tahiru, don ya biya simintin mutane, sai da ya zauna a Mertutek yana yi wa wancan maginin kwaɓi da ɗaukar dutse har aka gama. Yana kallo mutumin ya bar kafa a gindin kwamin don wanke shi, Tahiru ya kau da kai ya ci gaba da kwaɓinsa. Daga baya ya dawo Tamanrasat a bayan motar kayan lambu, zaune a kan buhun albasa. Abdulmumini ya riga shi isowa da daɗewa, saboda haka ba wanda ya tambaye shi labari. Kowa ya sani, har da abin da ba a yi ba.

To ga abin da karambani ya ci wa Tahiru. Mota guda, tana nan tsakiyar ƙorama, masu wucewa na kwatance da ita. Siminti buhu ashirin na Abdurrahman, da wanda ya ɗura wa motar daga aljihunsa. Bash guda, ba a san ƙasar da ya sauka ba. Cebur, guduma, cokalin gini da butar shayi, suna cikin dutse. Aikin Mertutek, da duk ayyukan da za su biyo bayansa. Dambu kuma, sai ranar da ba ya gida Rahma ke buɗe akwati. Sai suna: a Gata'al-Wad ba mai ce masa Baba Tahiru yanzu, yaro da babba Tahiru Toshe suke kira.